Jaririn Tagulla da Tashar da Muka Wuce

Ana kiran assalatu a masallacin unguwarmu muka fito daga Zariya, ni da ƙanena da ya ɗauko ni a motarsa. Ku da kuke bibiyata a shafin nan kun yi ta cigiyata mako biyu, har wata ta rubuto tana tambaya ko asibiti aka kwantar da ni. Lafiyata ƙalau. New York na je, kuma ga labarin yadda ya gudana. Yana da ɗan tsawo, wanda ya gaji ya ajiye ya sha ruwa ya dawo.

Kafin mu shiga Kaduna gari ya waye. A Rigasa ƙanena ya sauke ni na hau jirgin ƙasa zuwa Abuja da akwatuna biyu. Ɗaya tufafina ne, ɗayan kuwa kuka ce da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji. Kilishi kam an ja mini kunne kada in kuskura, wai akwai karnuka a filin jirginsu da ba su da aikin yi sai shinshina kayan mutane. Na bar shi a gida ina ji ina gani.

Bari in faɗa muku abin da ya kai ni, kada ku ɗauka yawon buɗe ido na tafi. Wurin 'yata ta fari na je, kuma kun san yadda muke da ɗan fari. Tana da wata ashirin aka yaye ta, yayata ta zo daga Funtuwa ta goye ta ta tafi da ita. Yaya take kira Mama, ni kuwa Anti. Ni ma idan zancenta ya taso 'yar Yaya nake cewa, in kuma kiranta zan yi, sai in ce "ke". Haka muka yi shekara talatin da huɗu. Bara Allah Ya yi wa Yaya rasuwa. Sai ga autata watan jiya ta raɗa mini cewa yayarta na da ciki, na fari bayan shekara shida da aure, kuma a watan Mayu ake sa ran haihuwa. Ta ce ta tambaye ta wa zai je mata jego tun da Mama ba ta nan, sai ta ce kada a wahalar da Anti, akwai wata maƙwabciyarta 'yar Gana da za ta kula da ita.

Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai. Ina raye, ina tafiya da ƙafafuna, a ce maƙwabciya ce za ta yi wa yarinyar nan wankan jego? Da ma surukina ya daɗe yana matsa mini in je in ga inda suke zaune, ina ta kawo uzuri. Wannan karon da ya yi maganar na ce to. Niyyata guda ce, in buɗe baki in ce mata ni zan zo. Kwana goma sha biyu gare ni in faɗi wannan 'yar magana, kuma na ɗauka sun yi yawa.

Daga Abuja muka yada zango a Istanbul, daga nan muka miƙa. Ban taɓa zama wuri ɗaya na tsawon lokaci irin wannan ba. Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Abincin jirgi kuwa ba zan ci zarafinsa ba, amma wanda ya dafa shi bai taɓa jin labarin barkono ba. Da muka sauka wani kare ya zo ya shinshina akwatin daddawata, ya yi atishawa, ya ƙara gaba. Ma'aikacin ya buɗe, ya tambaya, na yi masa bayani da Turancina na tsohuwar hedimistires, ya rufe da sauri ya miƙo mini.

A ƙofar fita mutane sai rungumar juna suke yi, wasu da furanni, wasu da kuka. Na hango su su biyu. Surukina mutumin Maraɗi ne, yana aikin haɗa magani a wani asibiti. Ya durƙusa nan a tsakar jama'a, kansa a ƙasa, yana cewa, "Inna, sannu da tahiya, kun iso lahiya?" Ita kuwa tana cikin wata ƙatuwar rigar sanyi da ta kasa rufe cikin. Ta tako wajena ta ɗan buɗe hannuwa, sai ta tsaya, ta mayar da su aljihu, ta rusuna ta gaishe ni. Na kalli takalmin mijinta na ce, "Ya sanyi?" Abin da na iya faɗa ke nan bayan shekara huɗu ban sa ta a ido ba.

Sanyin kuwa ba a magana. Watan Fabrairu ne, ƙanƙara ta taru a gefen titi ta yi baƙi da hayaƙin motoci. Ni da nake yi wa mutanen Kano gorin cewa mu a Zariya mun san sanyi, na janye maganata.

A Highbridge suke zaune, cikin Bronx. Unguwa ce ta tudu da gangare, har akwai wuraren da titi ke ƙarewa sai dogayen matattakala a hau zuwa titin sama. Gidajen duk na haya ne, dogaye, na jan bulo. Nasu a hawa na biyar yake, da wata hita a jikin bango da ke huci tana ƙwanƙwasa kanta, kwana biyu ina tashi in duba ƙofa ina zaton baƙo ne. Idan ka sauko titi sai ka rasa wace ƙasa kake. Ga mutanen Gambiya da Gini da Mali da dogayen riguna a ƙarƙashin rigar sanyi, ga masu yaren Sifaniyanci da kiɗansu, ga shagon 'yan Afirka da ke sayar da manja da garin rogo da busasshen kifi. Na ɗaga doya guda na tambayi kuɗinta, da aka faɗa mini na ajiye ta a hankali na ba ta haƙuri.

Washegarin zuwana maƙwabciyar ta shigo da kwano a hannu. Na riga na shirya mata fuska tun daga Zariya, amma baiwar Allah ta ɓata mini shiri. Mace ce mai fara'a, 'yar zangon Kumasi, ta kai shekaruna. Ta kawo shinkafa da wake irin nasu da wani baƙin yaji mai kifi da ake kira shito, kuma sai da na ƙara. Hausarta irin ta zango ce, mace da namiji duk "ka" ne. Tana zama ta kai hannu ta shafa cikin yarinyar a gabana tana cewa, "Yau baƙonmu ya yi motsi?" Ni kuwa na ɗaga kai ina nazarin silin. Ta juyo gare ni ta ce, "Hajiya, kar ka damu ko kaɗan. Na yi wa mata da yawa a gidan nan. Ruwan zafi, kunu, gashin jiki, komai ni zan yi. Kai ka zauna gida ka huta." Na ce Allah Ya saka da alheri. Da mugunta ta yi mini da na san abin da zan ce, amma alheri ne tsagwaronsa, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Na yi yunƙurin farko a kicin, rana ta uku. Mu biyu ne kawai, tana yanka albasa ina kaɗa miyar kuka. Na gyara murya, ta ɗago ta kalle ni. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Gishirin nan naku ba ya ji." Oh ni! Shekara talatin ina tsayawa a filin asambuli ina yi wa ɗaruruwan yara da malamansu magana ba gargada, ga shi yarinya guda ta kashe mini baki.

Ranar Lahadi suka kai ni hawa jirgin ruwa. Daga ƙasan Manhattan yake tashi ya tsallaka zuwa wata unguwa da ake kira St. George, kuma kyauta ne, abin da ya ba ni mamaki a garin da ko leda sai ka saya. Jirgin ƙato ne mai ruwan lemo, cike da masu zuwa aiki da dawowa waɗanda ko ɗaga kai ba sa yi su kalli ruwan. Mu baƙi ne muka yi dafifi a gefe ɗaya don ganin ƙaton mutum-mutumin nan na wata koriyar mata mai riƙe da fitila. Surukina, Allah Ya yi masa albarka, ya ce zai je neman shayi, ya ɓace ya bar mu. Na san da gangan ya yi. Muka tsaya kafaɗa da kafaɗa, ruwa na ta tafiya, tsuntsaye na bin jirgin. Na ce a raina yanzu ne. Na buɗe baki na ce, "Ki rufe kunnenki, akwai iska." Ta ce to, ta ja hularta.

A hanyar komawa muka biya wani babban shagon magani, irin nasu da ake sayar da komai har biskit da safa. Ko'ina ja. Alawa ja, balan-balan ja, katuna ja, wai ana shirin ranar masoya. A jikin kusan kowane kwali akwai wani jariri ɓul-ɓul, tsirara, da fukafukai, riƙe da baka da kibiya. Na ce, "Ke, wannan tallan kunzugun yara ne? To me ya haɗa jariri da kayan farauta?" Ai kuwa ta fashe da dariya har tana riƙe ciki, dariyar da ban taɓa jin ta yi a gabana ba. Da ta lafa ta ce, "Anti, wannan ai shi ne aikina."

Na san tana karatun digiri na uku, kuma duk wanda ya tambaye ni a Zariya nakan ce tarihi take karanta, in ja bakina. Ashe a kan wannan jaririn take rubutu. Ta ce mutanen Girka na dā suna kiransa Eros, Rumawa kuma Kupid, shi suka ɗauka abin bautarsu na soyayya. Na ce a'uzubillahi. Ta ce ba wanda ke bauta masa yanzu, kallonsa ake yi yadda muke kallon gumakan Nok a gidan tarihi don a san yadda mutanen dā suka yi tunani. Ta ƙara da cewa duk ranar Alhamis takan zagaya da baƙi a babban gidan tarihin da ke gefen lambun shaƙatawar da ake kira Central Park tana yi musu bayani. Sai ta sauke murya ta ce, "Za ki zo ki gani?" A iya sanina wannan ne abu na farko da ta taɓa roƙona. Alhamis ɗin kuwa saura kwana biyu in koma gida.

Kwanakin tsakani suka wuce da ziyarce-ziyarce. An kai ni unguwar Soundview wurin wasu 'yan Katsina da suka yi mini tuwon shinkafa, yaransu na jin duk abin da na faɗa amma su mayar mini da Turanci. Na tsokani wata 'yar ƙarama na ce ba ta jin Hausa, ta harare ni ta ce tana ji, da Turanci. Ko'ina na je ana yi mini barka da abin arziƙin da ke tafe, ni kuwa sai in ce Allah Ya raba lafiya in canja zance.

Ranar Alhamis surukina ya ce aiki ya riƙe shi ba zai samu zuwa ba. Sai da na shiga gidan tarihin na gane hikimarsa, na kuma gode masa a zuciyata. Jama'a, babban zaure ne mai rufin gilashi, cike da mutanen farin dutse, maza da mata, ba mai wando ba mai zani. Wasu ba kai, wasu ba hannu, amma abin da ya kamata a ce shi ne ya karye yana nan daram. Da tare da suruki na shiga wurin nan, da sai dai ƙasa ta tsage in shige. Na kafa idona a kan tayil ina bin duga-dugan mutane. Wani mai gadi baƙar fata ya ga hijabina ya yi mini sallama a hankali, na amsa ba tare da na ɗago ba.

Ita kuwa ta rataya katinta a wuya, mutum goma sha wani abu suka kewaye ta, yawancinsu tsofaffin Turawa. Na tsaya can baya. Da ta fara magana sai na nemi yarinyar nan mai sunkuyar da kai a gabana na rasa. Muryarta a sake, tana ba su dariya, suna tambaya tana amsawa. Ta kai mu gaban wasu tulunan ƙasa masu zanen ja da baƙi ta nuna mana yadda Girkawan farko suka zana shi. A lokacin ba jariri ba ne, saurayi ne siriri mai fukafukai, daga baya ne aka yi ta mayar da shi ƙarami har ya koma na goye. Ta ce a labaransu uwarsa ita ce abin bautarsu ta kyau, kuma yaro ne marar jin magana, ba wanda ya tsira daga kibiyarsa, har manyan gumakan nasu. Wai kibiyoyinsa iri biyu ne. Ta zinariya in ta same ka sai so ya kama ka, ta dalma kuwa sai ka tsani mai son ka ka riƙa gudunsa. Na ce a raina wannan ta dalmar na san mutane da dama da ta sama a Tudun Wada. Ta ce masu zane na baya sukan ɗaure masa ido da ƙyalle, don ba ya duba wanda yake harbi. Abin da na lura shi ne mutanen nan tsoron so suke yi, sun ɗauke shi ciwo mai kama mutum ba shiri. Mu ma ai ciwon so muke cewa, ashe ba mu kaɗai ba ne.

Daga nan ta ce mu biyo ta mu ga wanda ta fi so duk gidan. Na ɗauka wani ƙaton abu ne. Ashe jariri ne na tagulla, girman yaron da ya fara tafiya, yana kwance a kan dutse yana barci. Ta ce ya haura shekara dubu biyu. Tagullar ta yi duhu, amma komai na nan. Cinyoyinsa da lanƙwasar ƙiba irin ta yaron da nono ya karɓa, cikinsa ya ɗan zubo gefe, bakinsa a ɗan buɗe, hannu ɗaya ya saki ya faɗo ta kan ƙirjinsa, fukafukan sun kwanta a bayansa. Igiyar kwarinsa na rataye a jikinsa amma ba ya harbin kowa. Ta ce wanda ya ƙera shi ya zaɓi ya nuna mai hana duniya barci a lokacin da shi barci ya kayar da shi. Turawan nan masu surutu duk suka yi tsit, wata ma har da ɗora yatsa a baki.

Ni ban ga wani abin bauta ba. Yaro na gani wanda ya ƙoshi ya yi barci, kuma na san wannan barcin. Safiyar da Yaya ta zo ɗaukar yarinyar nan haka take kwance a bakin gadona, hannu ɗaya na lilo. Ɗakin cike da dangin mijina, kowa na kallona ya ga ko zan nuna damuwa a yi mini dariya. Ban ko kalli gadon sau biyu ba. Na fita tsakar gida na hau wanke tukwanen da na riga na wanke, har na ji tashin motarsu. Ina da shekara goma sha tara, kuma kowa ya yaba mini ya ce na cika mai kunya. A gaban jaririn tagullar nan na ji baƙin cikin ranar ya dawo mini sabo, sai da na nemi benci na zauna.

Da baƙin suka watse ta zo ta zauna kusa da ni tana haki kaɗan, ƙafafunta sun kumbura. Na ce, "Kin iya bayani." Ta yi murmushi, ta ce akwai labarinsa guda da ba ta samu ba su ba, bari ta ba ni da Hausa. Wai shi mai harbin mutane wata rana kibiyarsa ta soke shi, ya kamu da son 'yar wani sarki. Ya sa aka kai ta wani gida na alfarma, abinci na zuwa da kansa, tufafi na zuwa da kansu, ba ta ganin mai kawowa. Shi ma sai cikin duhu yake zuwa, kuma ya kafa mata sharaɗi kada ta taɓa neman ganin fuskarsa. Ta daure ta daure, ran nan ta kasa, ta kunna fitila yana barci don ta gan shi. Man fitilar ya ɗiga a kafaɗarsa, ya farka ya tashi sama ya bar ta. Sai da ta sha baƙar wahala kafin su sake haɗuwa.

Nan fa na yi katoɓara. Na ce, "Yo ita ma da neman magana. Me ta rasa? Ci take nema ko sutura? Wanda ke yi maka duk wannan ai ba sai ya nuna fuska ba, kai ma ka san yana yi da kai." Da zafi na faɗa, don kaina nake karewa. Duk Sallah ni nake ɗinka mata kaya in aika Funtuwa a ce Mama ce ta saya. Da ta yi ƙyanda kwana bakwai na yi ban runtsa ba a Zariya, ina aiken ƙanena ya dubo ta, amma ban taka ƙafata na je ba.

Ta mayar da ido kan jaririn tagullar. Can ta ce, "Anti, ta yaya za ta sani? Ba ta taɓa gani ba." Sannan ta ce, "Ina 'yar shekara tara na tambayi Mama wane laifi na yi miki." Ba da faɗa ta faɗa ba, ba kuma da kuka ba. Ta dafa benci ta miƙe ta ce mu tafi kada la'asar ta wuce mu. Na bi ta a baya.

A titi na tamanin da shida muka sauka ƙarƙashin ƙasa muka hau jirgin ƙasa mai lamba huɗu. Ya cika, amma wani saurayi ya ga cikinta ya tashi, na kusa da shi ya ga furfurar girata shi ma ya tashi, muka zauna tare. Kafin mu tsallaka zuwa Bronx na ga kanta na rangaji. Ta gyara, ya sake tafiya. Sai na ji nauyi a kafaɗata ta dama. Barci ya kwashe ta, kanta ya sauka a jikina.

Tun ranar da aka yaye ta jikinta bai taɓa nawa ba. Na ƙame, ko numfashin kirki na kasa yi don kada in motsa. Jirgin ya fito daga rami ya hau gada kusa da babban filin wasansu, hasken yamma ya shigo ta taga ya sauka a fuskarta. A nan na kalle ta, kallon da ban taɓa yi mata ba. Akwai ɗan tabo a girarta ta hagu wanda ban san inda ta samo shi ba. Kunnuwanta na mahaifiyata ne sak. Tana barci bakinta a ɗan buɗe.

Tasharmu ita ce ta titi na ɗari da sittin da bakwai, na riga na haddace ta. Jirgin ya tsaya, ƙofa ta buɗe, iska mai sanyi ta shigo, na ga matattakalar da muke sauka. Ban tashe ta ba. Ƙofa ta rufe muka wuce. Haka muka yi ta wuce tasha bayan tasha, mutane na raguwa, rufin gidaje da ƙanƙara a kansu na wucewa ta taga. Wajen Fordham na zaro hannuna a hankali na ɗora a kan nata da ke bisa cikinta. Ban daɗe ba na ji abin da ke ciki ya yi shuri, har sau biyu. Hawaye suka zubo mini, na bar su, don hannun da zan share da shi yana da aiki.

A Woodlawn layin ya ƙare. Aka yi sanarwa kowa ya fita, ta farka firgigit ta duba taga.

"Innalillahi! Anti, mun wuce! Ba ki gane tashar ba?"

"Na gane ta."

"To me ya sa ba ki tashe ni ba?"

Jirgin ba kowa sai mu da wani mai shara a can ƙarshe. Ban kalli silin ba, ban kalli takalmi ba, ita na kalla. Na ce, "Watan Mayu ni zan zo. Ki ba maƙwabciyarki haƙuri. Ni na haife ki, ni zan yi miki wanka."

Ban taɓa furta cewa ni na haife ta ba, ko a bayan idonta. Ta kafe ni da ido. Ta ce, "Na ɗauka ba za ki so ba."

Na ce, "Ina so. Ba ki yi mini laifin komai ba. Kunya ce aka koya mini, ni kuma na riƙe ta fiye da kima."

Ta rufe fuska da tafin hannu ta yi kuka sosai, ni ma na taya ta. Mai sharar ya zo kusa, ya dube mu, ya juya ya koma inda ya fito. Da ta natsu ta jawo numfashi ta ce kwana nawa zan yi. Na ce arba'in mana, kamar kowa. Ta ce arba'in ba za su ishe ta ba. Ba mu ko sauka ba, jirgin da ya kawo mu shi ya juya da mu. Ta mayar da kanta kafaɗata, wannan karon idonta biyu. La'asar kam sai dab da magariba muka yi ta, Allah Ya yafe mana.

Da aka faɗa wa maƙwabciyar na ɗauka za ta ji haushi. Sai ta daka tsalle ta rungume ni tana cewa da ma abin da take roƙon Allah ke nan, ita za ta riƙa dafa ruwan ni in yi wankan. Surukina kuwa "Alhamdulillahi" kawai yake maimaitawa yana kallon ƙasa. Ranar Asabar suka raka ni filin jirgi. Ba zan yi muku ƙarya in ce na rungume ta a tsakar jama'a ba, abin bai kai nan ba tukuna. Amma na riƙe hannunta tun daga mota har inda ake hana masu rakiya wucewa.

Na iso Zariya ranar Litinin da azahar, ƙanena ya ɗauko ni daga Rigasa yana ta tambayar dogayen gine-gine. Na ce masa suna nan, dogaye ne. Abin da na koyo a tafiyar nan ba a gine-gine yake ba. Ban ce a zubar da kunya ba, da ita aka raine mu kuma tana da ranarta. Amma ni an yaba mini a kanta shekara talatin da huɗu, ita kuwa yarinyar tana can tana zaton laifi ta yi. Duk abin da na yi mata a ɓoye ni kaɗai na san shi, bai kai gare ta ba. Mata 'yan'uwana masu 'ya'yan fari, ku bincika, wataƙila naku ma suna da tambayar da suka kai wa wani.

Jiya da hantsi ta kira ni, can wurinsu ko asuba ba ta gama yi ba, wai baƙon ya hana ta komawa barci. Muka gaisa, sai ta ce akwai abin da take son sani, ta taɓa tambayar Mama ta ce ba ta wurin. Wai wace rana aka haife ta, da wane lokaci, kuma na sha wuya? Na ce ranar Talata ce, da hantsi, ana ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, kuma na sha wuya ƙwarai. Ta ce in fara mata daga farko. Na tura ƙofar ɗakina, na gyara zama, na fara.